Mun Je Gore Kallon Kifi, Mun Dawo da Kunyar Tukunus

Waɗanda ke sauraren shirinmu na daren Laraba sun san mun yi sati biyu ba a ji muryarmu ba cikin watan Fabrairu. Wasu har sun bugo waya suna tambaya ko lafiya, wasu kuma suka ce wai an kore mu daga aiki. To lafiya lau, ba a kore mu ba tukuna. Dakar muka je, wani horo na masu aikin rediyon karkara a kan yadda ake kawo labarin muhalli. Mu uku ne daga Nijar: mu daga Filinge, wata abokiyar aiki daga Damagaram, da wani ɗan Gaya, jikan Sarkawa, wanda tun daga filin jirgin Yamai ya fara tsokanarmu da cewa zai ga yadda Bakurfaye zai yi in ya ga ruwan da ba shi da ƙarshe.

Kafin mu tashi mun je sallama wajen Baba, yayan mahaifinmu, wanda shi ya rage mana cikin manya. Muka ce masa cikin tsarin tafiyar akwai ranar da za a kai mu wani tsibiri, mu ga masu binciken kifin teku. Ya ajiye carbinsa, ya dube mu, ya ce: "Ɗana, wanga aiki naka sai kai. Kai da ko tabkin bayan gari ba ka iya ƙetarewa, mi ya haɗa ka da kihin teku? In sun ba ka guzuri dai ka riƙo mani tsaraba." Muka yi dariya tare. Amma har cikin mota, a kan gudoron nan mai kilomita 180 zuwa Yamai, tambayarsa tana cin mu. Gaskiya ce ya faɗa. Ƙasarmu ba ta da gaɓar teku ko taƙi ɗaya. Me ɗan Kurfai zai je yi wajen masu auna kifi?

Akwai kuma wani abu da ke ranmu wanda ba mu gaya wa Baba ba. Shekara biyu da suka wuce, wani furoje ya zuba ƴaƴan kifi a wani tabki da ke tsakanin ƙauyuka biyu na yankinmu. Ba za mu ambaci sunayensu ba, masu abin sun san kansu. Shekarar farko an ci tarwaɗa da ƙarfasa har an kai kasuwar Lahadi. Shekara ta biyu, kafin sanyi ya fita, kifi ya ƙare ƙaf. Sai rigima ta tashi. Waɗannan suka ce waɗancan ne ke zuwa da dare suna sata, waɗancan suka ce waɗannan ne suka zuba magani. Muka buɗe layin waya a shirinmu muna zaton za mu sasanta, ashe mai muka zuba wa wuta. Awa ɗaya cur ana zage-zage a kan iska, mu kuma muna riƙe da mikoro ba mu da abin cewa sai "a yi haƙuri, a yi haƙuri". Har yau akwai surukai a ƙauyukan nan da ba sa gaisawa. Wannan dare yana cikin dararen da muka fi jin kunyar aikinmu.

To ranar ta zo. Daga tashar jiragen ruwa ta Dakar ake shiga shalup, tafiyar minti ashirin ce kawai zuwa Gore. Minti ashirin ɗin nan, jama'a, mun karanta duk addu'ar da muka haddace tun makarantar allo. Ɗan Gaya yana tsaye yana ɗaukar hoto, mu muna riƙe da ƙarfen benci da hannu biyu. Ga wani sanyi mai ratsa ƙashi, alhali a lakol an koya mana cewa bakin teku wurin zafi da gumi ne. Daga baya muka gane sanyin nan yana da dalili, za mu zo kansa.

Tsibirin ƙarami ne ƙwarai, tsawonsa kamar mita 900, faɗinsa kamar 300. Ba mota, ba kabu-kabu, sai ƙafa. Duniya ta san Gore ne saboda tarihin cinikin bayi da Gidan Bayi mai ƙofar nan da ke kallon teku, kuma tun 1978 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya. Mun shiga gidan, mun fito jiki a sanyaye, wannan labari ne na wata rana. An kuma nuna mana ginin da makarantar William Ponty ta zauna daga 1913 har ƙarshen shekarun 1930. A nan Bubu Hama ya yi karatu, a nan Diori Hamani ya yi. Muka tsaya muna tunanin yaran nan da suka baro ƙasar gero tun ba jirgin sama, aka kawo su tsakiyar ruwa. Ko su ma sun riƙe benci da hannu biyu?

Abin da ya kawo mu kuwa yana cikin wani tsohon gini ne, Gidan Tarihin Teku, wanda aka buɗe a 1960. Na cibiyar IFAN ne, wadda aka kafa a 1936, yanzu tana ƙarƙashin jami'ar Cheikh Anta Diop. Wanda ya ja ragamarta tun 1938, Théodore Monod, mutum ne mai ban mamaki: da binciken kifi ya fara aiki a gaɓar Muritaniya, daga nan ya hau raƙumi ya shiga Sahara, ya yi kusan duk rayuwarsa tsakanin ruwa da rairayi. Ita wannan cibiya ta taɓa yin reshe a Yamai, shi ne asalin IRSH da muke wucewa ta gabanta. Bayan yaƙin duniya na biyu wani masanin kifi mai suna Jean Cadenat ya zauna a Gore shekaru da dama yana tattara kifayen Afirka ta Yamma, yana ba su suna, yana rubutawa. Abin da shi da abokan aikinsa ƴan Senegal suka tara, yana nan.

Wallahi da muka shiga, abin da ya fara zuwa ranmu shi ne shagon mai maganin gargajiya. Kwalabe ne jere a kan katako, ɗaruruwa, kowace da kifi a ciki yana kwance cikin ruwan magani, launinsa ya koɗe. Ga katantanwa iri-iri, ga haƙoran kifin shak, ga ƙoƙon kunkurun teku da yaro zai iya kwanciya a ciki. Ɗan Gaya, da ya zo da taƙamar shi ɗan ruwa ne, ya yi tsit. Cikin kifayen nan duka bai san ko goma ba. Muka ce masa ashe kai ma kifin rijiya ne.

Wadda ta zagaya da mu wata matashiya ce mai karatun digirin dokta a kan kifi, ba za ta wuce shekara talatin ba. Ta ɗauko kwalba ɗaya, ta ce mu bar kallon kifin, mu karanta takardar da ke ciki. Ƴar takarda ce da rubutun hannu: sunan kifin, wurin da aka kama shi, zurfin ruwan, rana da wata da shekara. Shekarar ta girmi mahaifinmu. Ta ce, da Faransanci muke magana: "Kifin kansa ana iya samun wani. Takardar ce dukiyar. Da ita muke sanin cewa a wannan wuri, a wannan shekara, irin wannan kifi ya kai wannan girma. In yau na je wurin na tarar babu shi, ko ya ƙanƙance, ba wanda zai ce mani mafarki nake."

Daga nan ta kai mu wani ɗaki na baya inda take aikinta. Tebur ne, da allon awo mai santimita, da sikeli, da madubin ƙara girma, da kaye mai bango baƙi. Ta sayo kifi da safe wajen masunta, ƙaramin kifin nan da suke kira yaboy, wanda shi ne kifin talaka a Senegal. Kowane ɗaya sai ta auna tsawonsa, ta auna nauyinsa, ta tsaga cikinsa ta duba ko ya isa yin ƙwai, ta rubuta. Sannan ta fasa kansa da ƴar wuƙa, ta zaro wani farin dutse da bai kai ƙwayar shinkafa ba. Ta ce wannan dutsen kunnen kifi ne, yana girma tare da shi, kuma yana da zobe-zobe. Ta sa a madubi ta ce mu leƙa. Muka leƙa, muka ga layuka suna zagaye kamar albasa da aka yanka. Da su ake ƙirga shekarunsa.

Sai muka ce mata ai mu ma muna da irin wannan: a kasuwar dabbobi ba wanda ke tambayar shekarun sa, baki ake buɗe masa a dubi haƙori, tsofaffin makiyaya kuma suna duba zoben ƙahon saniya su faɗa maka haihuwarta nawa. Ta yi dariya ta ce to ai kun gama karatun, saura rubutawa.

Ta ba mu labarin wani babban kifi da suke kira cof, wanda a da shi ne sarkin tukunyar shinkafa da kifi a Dakar, yanzu kuwa sai mai hali. Ikon Allah, wannan kifi mace yake fara zama, sai ya girma ya yi shekaru sannan ya koma namiji. Masunta kuma manyan suke nema don su ke da tsada. Ka ga ke nan mazan ake kwashewa, ƙananan kuma ana kama su tun ba su kai ga juyawa ba. Ba a yi sata ba, ba a zuba magani ba, kowa halal ɗinsa yake nema, amma kifin yana ƙarewa. Da ta faɗi haka sai gabanmu ya faɗi, tabkinmu ya faɗo mana a rai.

Shi yaboy kuma wahalarsa iri biyu ce. Ruwa yana ƙara ɗumi, garkensa yana karkata arewa. Ga kuma masana'antu da aka kakkafa a gaɓar Muritaniya da Senegal da Gambiya, suna niƙa shi su mai da shi gari, a fitar da shi waje don ciyar da kifin kiwo da dabbobi. Kilo huɗu zuwa biyar na ɗanyen kifi ke ba da kilo ɗaya na garin. Matan da ke sana'ar banda da busarwa suna zaune ba abin sarrafawa. Samarin da suka gaji su daga iyayensu suna fita su dawo da abin da bai biya kuɗin mai ba. To kwalekwalen da ya kasa kawo kifi, shi ne ake cikawa da mutane a nufi tsibiran Kanari na Sifaniya, tafiyar kusan kilomita 1,500 a kan teku. A 2006 mutum sama da 30,000 suka isa can ta wannan hanya, a 2024 sun haura 46,000. Waɗanda ruwa ya ci a hanya, Allah kaɗai ya san adadinsu.

Nan ma ba baƙon labari ba ne a kunnenmu. Wane gida ne a Kurfai ba shi da ɗa a Abijan, ko Akara, ko Legas, ko Libiya? Namu ƙanen yana Aljeriya shekara uku ke nan, muryarsa kawai muke ji a WhatsApp. Su gonarsu ruwa ce, mu tamu rairayi, amma in gona ta daina ciyar da mai ita, ƙafa ce ke biya.

Da rana ta take muka fito muka zauna a gindin wata kuka, muna cin burodi da kifi. Sai muka ɗauko tambayar Baba muka miƙa mata yadda take. Muka ce: wani dattijo ya aiko mu, ya ce me ya haɗa mutumin da ke nesa da teku da kilomita ɗaruruwa da aikinki? Ta ce mu fara gaya mata yadda garinmu yake a wannan wata. Muka ce hazo, buji, leɓe ya tsage, ba ka ganin mutum a nesa. Ta nuna sama ta ce ga shi nan ya iso. Ƙurar da iska ke ɗebowa daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, tana bi ta kanmu, ta faɗa cikin Tekun Atlantika. Cikinta akwai sinadarin ƙarfe da na fosfor, wato taki ne ga ƙananan tsirran ruwa da ido ba ya gani, waɗanda ƙananan kifaye ke ci, manya su ci ƙanana. Sanyin nan kuma da ya dame mu a shalup: daga wajen Disamba zuwa Mayu iskar arewa tana tura ruwan sama nesa da gaɓa, sai ruwan ƙasa mai sanyi, mai cike da abinci, ya taso ya maye gurbinsa. Shi ya sa gaɓar Senegal da Muritaniya ke cikin wuraren da suka fi kifi a duniya.

Ta ce wannan shi ne abin da kuke aiko mana. Abin da muke aika muku kuwa ya fi shi girma: damina. Hadarin da ke taso muku, yawancin ruwansa tururin teku ne da iskar kudu maso yamma ke ɗaukowa daga wajen Tekun Gini. In yanayin ɗumin teku ya sauya, iskar tana iya kasa kaiwa arewa yadda ta saba. Masana sun nuna cewa farin shekarun 1970 da 1980 yana da alaƙa da sauyin ɗumin ruwan tekuna. Wato yunwar 1973, da ta 1984 da iyayenmu ke kira El-Buhari, wadda ta cinye garken Baba ya koma da akuya biyu, akwai hannun teku a ciki, da izinin Mai Sama. Hasashen damina da masana ke fitarwa kowace shekara kafin shuka, wanda cibiyar AGRHYMET ta Yamai ke cikin masu shirya shi tun da daɗewa, mu kuma muke karantawa a rediyo, awon ɗumin teku yana cikin manyan abubuwan da ake gina shi a kai. Shekara nawa muna karanta takardar nan a kan iska ba mu san daga ina ta fito ba.

Abokiyarmu ta Damagaram ta tuna mana wani abu da mushen kimiyya ya taɓa faɗa a lise, muka ɗauke shi tatsuniya: cewa miliyoyin shekaru da suka shuɗe teku ya taɓa rufe wani yanki na ƙasarmu. Duwatsun Adar har yau ana tsintar katantanwa da halittun teku da suka zama dutse a cikinsu, kuma farar ƙasar da ake yin siminti da ita a Malbaza a ƙarƙashin wancan teku ta taru. Mu kanmu a cikin Dallol Boso muke zaune, tsohon kwarin kogi da ya ƙafe, shi ya sa rijiyar cikin dallol ba ta da zurfin ta kan tudu.

Ganin hira ta yi daɗi, sai muka ce bari mu ma mu ba ta namu. Muka ba ta labarin gaiwa. Yadda in tabki ya ƙafe take nutsewa cikin laka, ta naɗe kanta da yauƙi, ta bar ƴar ƙofar shan iska, ta kwana wata da watanni tana cin jikinta har ruwa ya dawo. Yadda muna yara ake bin busasshen tabki da fartanya ana tono ta da rai. Ta san kifin a littafi, ta san sunansa na Latin, ta ce yana da huhu. Amma ba ta taɓa ganin an tono shi ba. Ta jawo kayenta ta fara jero tambaya: zurfin nawa take nutsewa? Wata nawa take yi? A wane irin laka? Tana raguwa ko tana nan yadda take a da? Kowace tambaya sai mu ce "da dai zurfi", "da dai daɗewa", "tsofaffi sun ce ta ragu". Ta rufe kayen a hankali, ta ce: "Ba wanda ya auna?" Muka ce ba mu sani ba.

Daga nan ta yi mana tambayar da ta sa muka rubuta wannan. Ta ce a ƙasarku ba ku da wata tashar bincike kusa da ku? Muka buɗe baki za mu ce babu, sai muka tuna Tukunus.

Tukunus fa, jama'a. Kilomita 20 arewa da Filinge. Aikin zaɓen shanun Azawak ya fara a Filinge tun 1931, aka mai da shi Tukunus a 1954. Jajayen shanun nan da ake yabo a duk Afirka ta Yamma saboda nono, har maƙwabta ke zuwa neman irinsu, a bayan gidanmu ake tace su. Shekaru saba'in ana rubuta wace saniya ta haifi wace, wane sa ne uban, lita nawa aka tatsa. Irin kayen da muka gani a Gore muna ta mamaki, akwai ƴan uwansa a nan. Mu kuwa, shekara talatin da ƴan kai a duniya, takwas a bakin mikoro, cukun Tukunus kawai muka sani. Mun wuce ta gefen wayar shingen ba adadi, ba mu taɓa tsayawa mun ce salamu alaikum, me kuke yi a nan ba. Sai da muka yi tafiyar kilomita sama da 2,000, muka hau ruwa muna salati, sannan wata ƴar Dakar ta tuna mana da shi. Ta ce mu kwatanta mata wurin. Muka yi ta kame-kame. Ɗan Gaya ya samu abin ramuwa, ya ce to wa ye kifin rijiyar yanzu?

Kafin mu koma shalup ta ba mu wani misali da ya tsaya mana. A wasu ƙauyukan masunta na kudu da Dakar, wajen Mbur, mutane da kansu sukan tsai da kamun dorinar ruwa, halittar nan mai hannu takwas, na wani lokaci a shekara don ta hayayyafa. Mata su gina tukwanen laka, a kai su a zuba a teku, dorinar ta shiga ta yi ƙwai a ciki. Masu bincike ne ke faɗin lokacin da ya dace, masunta su yanke shawara, mata su gina tukwane. Ba kuɗi mai yawa ba ne. Abin da ya fi wuya shi ne a yarda da juna, kuma yarda tana sauƙi in akwai awo a gaban kowa.

Da muka dawo, kafin mu shiga sutudiyo, mun hau babur mun je ƙauyukan nan biyu. Wannan karon ba mu tambayi wa ya yi laifi ba. Mun tambayi da me aka kama kifin. A ƙauyen farko aka yi shiru, sai wata tsohuwa ta ce: "Da gidan sabro mana, wanda likita ta ba mu." A na biyu ma haka. Gidan sauro ba ya barin komai, har ƴaƴan da ba su kai yatsa ba yana kwashewa, yara su soya su ci da gari. Muka tambaya ko an taɓa tsai da kamu ko na wata ɗaya. Ba a taɓa ba. Ko akwai wanda ya rubuta abin da ake kamawa? Babu. Ba mu ce wannan ne kaɗai dalili ba, don tabkin ma ya ja baya da wuri a shekarar, kuma mu ba masana ba ne. Amma ɓarawon dare da mai zuba magani da aka yi shekara biyu ana nema, har yanzu ba wanda ya ce ya gan su da idonsa. Gidan sauron kuwa kowa ya gani, kowa ya riƙa.

Laifinmu a nan ba ƙarami ba ne. Da a daren nan mun san tambayar da za mu yi, da wataƙila surukan nan suna gaisawa yau. Mai mikoro in bai san komai a kan abin da ake gardama ba, ƙara ce kawai yake rabawa. Muna neman afuwar mutanen ƙauyukan biyu, kuma mun faɗa musu haka baki da baki.

Ga abin da muka ƙudurta, in Allah ya yarda. Na ɗaya, za mu nemi izini mu kai shirinmu Tukunus, mu zauna da ma'aikatan da makiyayan wurin, su yi wa jama'a bayani da Hausa da Zabarmanci abin da ke cikin kayensu. Na biyu, mun yi magana da wani mushen kimiyya na CEG, ya yarda ɗalibansa su riƙa zuwa tabkin in an sake zuba kifi, sau ɗaya a sati, da ƴar rula da kaye da bik. Su auna kifi goma, su kafa sanda su duba inda ruwa ya tsaya, su rubuta, mu kuma mu karanta a rediyo kowace Laraba kowa ya ji. Kayan duka ba su kai jika biyu ba, mun saya da sauran guzurinmu. Na uku ya rage ga dattawan ƙauyukan da ma'aikatan gandun daji da ruwa: a zauna a sa watan hutu, a bar gidan sauro ga sauro. Mun san halin tsaro da yankinmu ke ciki, mun san akwai wuraren da ba a zuwa yanzu. Wannan tabki dai ana zuwa, sai mu fara da shi.

Baba kuwa mun kai masa tsarabarsa: busasshen kifi, da wata katantanwa da muka tsinta a bakin ruwa. Muka ce ya kara ta a kunne. Ya kara, ya yi jim, ya ce iska ce kawai. Muka kwashe labarin hazo da damina muka gaya masa. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce: "To, in haka ne, ruwan da ya ƙi zuwa shekarar El-Buhari can ya tsaya wajensu ke nan. In ka koma ka ce su riƙa sako muna shi da wuri." Ya sa katantanwar cikin aljihun rigarsa. Jiya da muka je gaisuwa mun tarar jikokinsa sun yi layi, kowa na jiran a ba shi ya saurara.

Saura tambaya gare ku, musamman dattawa da waɗanda suka taso a bakin tabki: a garinku har yanzu ana tono gaiwa? A wane wata, kuma zurfin kamu nawa? Ku tambayi tsofaffinku ku rubuto mana da sunan gari. Mun yi wa baiwar Allahn nan alkawarin amsa, kuma ba mu so mu sake ce mata "da dai zurfi".

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya dawo mana da na tafiya lafiya, ya zaunar da ƙasarmu. Sai Laraba.